Baba a Bakin Tagar Jirgi

Shekarar da idon Baba ya rufe, ni aka ɗora wa raka shi Masar, don ni ce ma'aikaciyar jinya a cikin 'ya'yansa. Manomi ne a Ƙarfi, ko Kaduna bai taɓa wucewa ba. Likita a Kano ya ce gyaran idon sai Alƙahira.

Tun daga matakalar jirgi yake riƙe da hannuna. Da muka daɗe a sama, ya matso kusa da kunnena. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka ba ya kama sunana.

"Uwata, har yanzu ba mu isa ba? Ai an ce jirgi kamar walƙiya yake."

"Baba, wajen awa biyar ne. Ƙasashe ne a tsakani."

"To me ke ƙarƙashinmu yanzu?"

"Rairayi."

Can an jima ya sake tambaya, na sake cewa rairayi. Sai ya ce, "Allah sarki. Su mutanen nan me suke nomawa?"

Aka yi aiki, muka yi ta zaryar asibiti har likita ya yarda ya hau jirgi. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan aka ce mu haƙura. Baba ya ce wanda ya buɗen ma ai kyauta ce.

Ranar dawowa kujerunmu ba na taga ba ne. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne a wurin, ya riga ya jingina zai yi barci. Ya ji Baba yana tambayata ko ana hango ƙasa daga nan, ya dubi tabaran da ke fuskarsa, sai ya miƙe.

"Baba, dawo nan. Ni hanyar nan na gan ta har na gaji."

Ko sunansa ban tambaya ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

Baba bai taɓa abincin jirgi ba. Ya kafa goshi a jikin gilashi, ya yi ta kallon saharar da na riƙa ba shi labari, ja wur, ba itace ba gida. Ni har na yi gyangyaɗi. Girgiza kafaɗata da ya yi ce ta tashe ni. Damina ce, ƙasa ta fara kore, ga gonaki ƙanana kamar an shimfiɗa tabarmi.

"Uwata, an yi ruwa! Dubi kududdufai!"

Hawaye suka zubo masa. Na riƙe hannunsa kada ya murza idon.

Yayana ya tarye mu da mota a Kano, muka biyo ta Gwarzo. Muna dab da Ƙarfi Baba ya ce a tsaya a gona tukuna. Ya sauka da kansa, ya ƙi a kama shi. Masara ta kai ƙugu. Ya bi kunya yana ɗaga ganye, sannan ya juyo wurin Yaya.

"Kai, wa ya ce ka shuka ta cunkushe haka? Ga ciyawa ma ba a gama cirewa ba."

Yaya ya tuntsire da dariya, yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Alhamdu lillahi. A yi mini faɗan, Baba."

Sai da Inna ta bugo waya tana cewa tuwo na hucewa, sannan muka samu ya koma mota.