Motar Kawu Tana Nan a Bakin Gada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, aka bugo wa Umma waya cewa ƙanenta, Kawuna direba, ya rasu a bakin iyaka. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a cikin motarsa, da lodin hatsi da magunguna na agaji a bayansa.

Kawu, ka san ban iya magana a gaban mutane ba. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini faɗa kan littattafan soyayya ba. Sai dai ka leƙo ka ce, "'Yar hutu, an ɗaura auren, ko har yanzu ana kuka?" In ka dawo daga tafiya, sai ka ajiye mini sabo a kan taga, ka yi kamar ba kai ba.

Da yaƙi ya rutsa da matarka, Anti, a ƙasar da ke ƙetaren kogi inda ta je jinyar mahaifiyarta, kai ka fara shiga cikin direbobin agaji. Na ɗauka kamar a littafi za a yi: ka taka mota, ka ɗauko ta. Sai aka tsayar da ku a gada. Gwamnati ta ce ba ta shiga ƙasar wasu sai da yardarsu, ko da izinin majalisar ƙasashe.

Na tambaye ka a waya me ake jira. Ka ce, "Ko kin ji kuka a gidan maƙwabci, ba kya faɗawa ciki babu sallama." Na ce, "To in maigidan ne ke dukan fa?" Ka ce, "Sai manyan unguwa su zauna. In ɗaya ya ce a'a, kowa ya kama gabansa." Ka ce dokar nan ce ke hana masu ƙarfi su tattake mu ma, amma muryarka duk a gajiye take.

Kullum da safe kana tayar da mota, don kada batir ya mutu ranar da za a ce ku wuce. Abokan aikinka sun ce har yanzu suna tayar maka da ita. Su kuma manya suna can suna ta zama. Na daina sauraron labarai. Littafin da ka kawo mini na ƙarshe ma na kasa buɗe shi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ina yi wa Umma da yaranka ta'aziyya. Ke kuma Anti, babu waya a garin da kike, ba ki ma sani ba. Wataƙila har yanzu kina kasa kunne ko za ki ji ƙarar motarsa. Allah ya ba ki haƙuri ranar da labarin zai haye gadar.