Kwanon da Suka Ware wa Mijina

A shekarun nan da taki ya gagari talaka, masara ta koma abincin masu hali, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ina 'yar sana'ata ta ƙuli-ƙuli. Maigidana manomi ne da ake kwatance da shi, in ya ja kunya a gona sai ka rantse da zare ya auna. Ba zan kama sunan kowa ba, masu abin za su gane kansu.

Da ciwon kai ya fara, mai tashinsa da asuba, sai amai ya biyo baya. Aka ce shawara ce, wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Can sai kunyoyinsa suka soma karkacewa, yana ta bugun ƙofar zaure da kafaɗar hagu kamar bai gan ta ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba ya koma zagin yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da ya faɗi a wurin ciyayya, inda mazan gidan ke haɗa kwanukansu su ci tare, yana shure-shure da kumfa a baki, ƙattin nan duk suka watse, wai kada yawunsa ya taɓa su su ɗauki farfaɗiya. Ni mace na fito na tallafe shi.

Yayansa ya yanke hukunci cewa a ware masa kwano da moɗa, ya daina fitowa ciyayya, kuma ba asibitin da za a je, don in zance ya fita ba mai neman auren 'ya'yan gidan. Aka shiga yi masa hayaƙi a ɓoye. Yana ɗaki yana jin dariyarsu a ƙofar gida, ya tambaye ni ko sun tambaye shi, in ce masa sun tambaya. Wallahi har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Sai da ya kasa gane fuskar autarmu na saka shi a mota zuwa Kano, ban nemi izinin kowa ba. Likita ya haska cikin idanunsa, ya sa shi tafiya a miƙe ya kasa, ya tambaye ni ko ya taɓa farfaɗiya yana yaro, na ce ko sau ɗaya. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, sai ga ƙari ya kai ƙwan kaza. Likitan ya ce shi ne ya jawo faɗuwar da duk sauran, ba a ɗaukarsa a kwano ko a yawu, kuma mun makara ƙwarai. Maigidana bai ga damina ta gaba ba.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, amma wulaƙancin ba Allah ne ya ce su yi ba. Jama'a, babba in ya fara faɗuwa da girmansa, ko ciwon kai da aman safe suka ƙi tafiya, ko gani da hali suka canza, ku kai shi a duba kansa, ku bar tsoron bakin mutane. Ranar sadakar uku mazan nan suka zauna a ƙofar gida suka cinye tuwon sadakarsa tas. Har a kwanon nasa na zuba musu, ba wanda ya tambaya.