Gugan Bakin Kwalta

Garinmu yana bayan tudu, kusa da Maijirgi. Mai tafiya bisa kwalta ba ya hango ko kan rumbu ɗaya, balle rijiyarmu. Shi ya sa tun zamanin kakana ake kafa gwafa a bakin hanya, a rataya mata tsohon guga na fata. Duk matafiyin da ya gan shi ya san akwai ruwa bayan tudun, kuma ba za a kore shi ba. In rijiya ta ƙafe sai a sauke gugan, don kada a wahalar da bawan Allah a banza. Gidanmu ne ke kula da wannan aiki, kuma shekarar da fari ya dawo a mulkin soja, ni ne a kansa.

Shekarar nan mutanen arewa suka yi ta gangarowa, daga wajen Issawane da gaba da can. Manoma da Buzaye, mata da goyo, jakuna ɗauke da tabarmi da turmi, da 'yan awakin da suka rage. Rijiyarmu mai zurfi ce, ba ta ƙafe ba. Kullum sai wasu sun ratso sun sha, sun shayar, sun wuce.

Sai doka ta fito daga biro, wato ofishin gwamnati da ke Tasawa, cewa kada a kafa komai a bakin kwalta in ba allon gwamnati ba. Aka kwashe kwalaben masu sayar da esansi, wato fetur, da tayar mai faci, da allon wani tela. Namu kuwa wani jandarma ne ya zo kansa, dogo, mai tsagar Gobirawa. Ya tsai da mota, ya aika aka kira ni.

"Kai ne mai wannan tsumman?"

"Ranka ya daɗe, guga ne."

"Na san guga, ba daga Faransa na zo ba. Ina takardarsa?"

"Ya girme ni, ya girmi kwaltar ma. Ba a taɓa tambayarsa takarda ba."

"To yau an tambaya. Tuge shi."

Na tuge. Da ya ga ban yi gardama ba sai ya sassauta, ya ce in je biro in nemi allo na ƙa'ida. Na yi 'yan shekaru a lakwal, makarantar boko, na iya haɗa baƙi, kuma a lokacin ina jin kaina da wannan. Na tafi Tasawa a amalanke, na rubuta buƙata da hannuna. Bayan dogon jira aka kawo allon ƙarfe, fari tas, an rubuta rijiya da Faransanci, aka dasa shi da siminti. Har na riƙa kawo abokaina su gani, ina karanta masu.

Amma bakin rijiya ya yi tsit. Na ɗauka mutanen arewa sun ƙare ne. Wata safiya na fita bakin hanya, sai na ga sawun dabbobi da na mutane a gefen kwalta, sabo, ya bi ta gindin allon ya miƙe kudu. Na bi sawun. Can gaba na tarar da wata tsohuwa zaune ƙarƙashin aduwa, jakinta ya durƙushe, jikarta na tsotsar bakin salka busasshiya.

Na ce, "Inna, kun wuce ruwa. Ba ku ga allo ba?"

Ta ce, "Ɗana, na ga ƙarfe. Na ɗauka na soja ne, na ce mu yi sauri."

Na kai su gari. Jakin bai tashi ba. Wannan kam da hannuna a ciki, kuma har yau ina neman gafara. Amma abin da na yi bayan haka ban taɓa nadamarsa ba.

Na ɗauko gugan daga bayan ɗaki, na je na rataya shi a wuyan allon gwamnati, ya rufe rubutun. Kafin azahar baƙi sun fara ratsowa.

Mai gari ya kira ni, hankalinsa a tashe. Ya ce in an ji haushinmu za a cire sunan garin daga rabon hatsin agaji. Na ce, "Baba, in aka tambaya ka ce ka hana ni na ƙi. Gaskiya ce ma."

Jandarma ya dawo, ya fizge gugan ya jefa cikin mota. Washegari na rataya wani. Ya ɗauke, ya ɗauke ni tare, na wuni tsugune cikin rana a filin ofishinsu, aka aske mini rabin kai. Da aka sake ni da la'asar na taka har gida, na tarar matata ta riga ta rataya nata.

Daga nan abin ya fita hannuna. Kowane gida yana da mataccen guga a wani lungu. Tsofaffin mata suka yi ta fito da su, har da wanda ɓera ya cinye rabinsa. Mai garin da kansa ya aiko da ɗaya, ya ce kada a faɗi daga inda ya fito.

Zuwansa na ƙarshe jandarman bai ko kashe mota ba. Ya leƙo ta taga.

"Kai mai rabin kai, gugan garinku ba su ƙarewa?"

"Ranka ya daɗe, an yi asarar shanu bana. Fata ta yi arha."

Ya dube ni, ya dubi allon. A daidai lokacin wani Buzu ya iso da raƙumi ɗaya da iyalinsa a baya. Bai kalli kowa cikinmu ba. Ya ɗaga kai ya ga fatar tana lilo, ya ja akala ya hau tudu.

Jandarman ya ce, "Ranar da manya za su wuce zan aiko maka. Ka sauke shi da safe."

Na ce, "Da rana kuma in mayar."

Sai ya ja motarsa. Ni kuma na bi baƙin don in taya su jan ruwa, saboda igiyarmu tana da nauyi ga wanda ya kwana biyu bai ci ba.