Doña Eufemia da Tambayar Mahaifina

Ranar Asabar, kafin ƙarfe bakwai ta cika, Doña Eufemia Chiong ta sauka daga bas a bakin titin Capón, jakar alli a hannu ɗaya, fulas ɗin shayi a ɗayan. Ko ana yayyafin nan mai shiga ƙashi na Lima, babban birnin Peru, haka take zuwa. Takan tsaya ta sayi ƙananan burodin Sinawa masu nama a ciki da ake kira min pao, goma sha biyu masu zafi, ta yi wa mai sayarwa tsiya cewa naman cikinsu kullum ƙara ramewa yake, sannan ta hau matakala talatin da ɗaya zuwa ɗakin da ƙungiyarmu ta 'ya'yan Sinawa ta ba ta aro a saman wani shagon kwanuka. Ita ke share ɗakin, ita ke jera kujeru. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana koyar da harshen Kanton, na kudancin ƙasar Sin, a wurin. Ƙarshen watan nan za ta ajiye alli, domin gwiwoyinta sun ƙi matakalar.

Ba ta da takardar shaidar malanta, kuma ba a taɓa buga hotonta a jarida ba. A Lima aka haife ta, aka kai ta Makau wurin kakarta tana ƙarama, ta dawo da harsuna biyu a bakinta. Darasinta na farko bai taɓa canzawa ba. Kafin ka koyi gaisuwa ko ƙirga, sai ka iya faɗin abu uku: sunan gidanku, sunan mahaifinka, da ƙauyen da kakanninka suka baro. Wanda bai san ƙauyensu ba, ta tura shi gida ya tambayo. In babu mai faɗa masa, ita da kanta za ta raka shi maƙabarta su karanto daga jikin dutsen kabari.

A irin wannan rakiya ce Maritza Loo, wata ma'aikaciyar jinya, ta gane shekara goma sha ɗaya danginta suna share kabarin da ba nasu ba a ranar ziyarar kaburbura. Sunan Sifaniyancin da ke kan kaburburan biyu iri ɗaya ne, rubutun Sinancin kuwa babu mai iya karantawa a cikinsu. Maritza ta ce ta zauna a ƙasa tana kuka. Doña Eufemia ta nuna mata na kakanta, layi biyu gaba, sannan ta ce, "Wancan ma kada ku daina share masa. Ya saba da ku."

Ba 'ya'yan Sinawa kaɗai take karɓa ba. Don Nemesio Huamán, mai girki a wani chifa, wato gidan abincin Sinawa, ya zo ne don ya riƙa gane zagin da maigidansa ke yi masa. Da ta tambaye shi ƙauyensu ya ce, "Doña, ni fa ba Basine ba ne, daga duwatsun Huancavelica nake." Ta ce, "Wa ya gaya maka Sinawa ne kaɗai ke da ƙauye? Faɗi naka." Yau shi ke yi wa sababbin zuwa tafinta a kasuwa, zagin kuma yana ramawa daidai gwargwado.

Ni kuwa, Teófilo Siu, na hau matakalar nan ne ina da shekara hamsin da biyu, cikin kunya. Mahaifina, wanda Lima ta sani da Don Alberto, ya yi rayuwarsa gaban murhu. Bai taɓa yi mini magana da harshensa ba, wai kada a yi mini dariya a makaranta. Da jininsa ya hau ɓarin jikinsa ya shanye, Sifaniyancin da ya yi shekara sittin yana yi ya fice daga kansa gaba ɗaya, harshen Kanton kaɗai ya rage. Ya daina gane ni. Kullum na shiga ɗakinsa sai ya dube ni kamar baƙo, ya yi mini wata gajeriyar tambaya, ita ɗin dai ba ta canzawa, ya jira amsa. In na yi shiru sai ya juya fuska ga bango.

Sai na yi wautar da irinmu kaɗai ke yi. Na shiga wata makarantar Sinanci, na yi wata takwas ina haddar harshen Bejin, a zatona duk ɗaya ne. Ranar da na tsaya gabansa na zuba masa abin da na koya, ya saurare ni kamar mai jin rediyon maƙwabta, ya sake tambayarsa. A makon nan likita ya ce mana a kula da shi sosai, domin zuciyarsa ba za ta kai wata shekara ba.

Da na ba Doña Eufemia labari, sai da ta yi dariya har ta share hawaye. "Wata takwas, ɗan Siu? Ka je gidan maƙwabci ka koyo girki, ka zo kana mamakin ubanka bai san ɗanɗanon ba." Washegari da hantsi ta bi ni gida. Ta zauna kusa da shi, suka yi hira kusan awa guda, na ji mahaifina yana dariya karo na farko tun da ya kwanta. Da na shigo da shayi ya dube ni, ya yi tambayar.

A tsakar gida na tare ta. "Doña, me yake cewa?"

"Ba ni ya tambaya ba."

"Don Allah. Kin ji abin da likita ya faɗa."

"Na ji. In na fassara maka yau, gobe ma ni za ka kira, jibi ma haka. Zai mutu yana hira da ni, kai kana bakin ƙofa da butar shayi. Ka zo ranar Asabar."

Na tsane ta a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wace irin tsohuwa ce wannan mai wasa da kwanakin mutum. Abin da ban sani ba shi ne ta riga ta yanke shawarar ba za ta jira Asabar ba. Washegari ta buga mini ƙofa da jakar allinta. Haka ta yi ta zuwa kullum da rana, bas biyu zuwa, bas biyu komawa, da gwiwoyin nan nata. Ta sa na fito da tsohuwar takardar shigowar mahaifina ƙasar, muka nemo sunansa na asali da na ƙauyensu. Ta sa ni maimaita abu ukun nan har muryata ta dushe, tana buga tebur duk sanda na karkace. "Sake. Ba waƙa na ce ka yi ba." Ba ta taɓa gaya mini dalili ba.

A mako na bakwai na shiga ɗakinsa da shayi kamar kullum. Ya dube ni, ya yi tambayar, sai na ji ta shiga kunnena kalma bayan kalma. Abin da yake tambaya shekara guda cur shi ne, "Kai ɗan wane gida ne?"

Na ajiye butar. Na ce, "Gidan Siu. Ni ɗan Siu Kam ne, na ƙauyen Sek Kiu."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi magana a hankali, yadda ake yi wa mai koyo, na kuma gane mafi yawanta. "Siu Kam. Na san shi. Ba shi da mugunta, amma ya yi kuskure, bai koya wa ɗansa magana ba." Na zuba masa shayi, ya buga yatsu biyu a kan tebur alamar godiya. "To kai wa ya koya maka?"

Na ce, "Malama Chiong."

"Ka kai mata lemo," ya ce. "Masu kyau, kada ka ba ubanka kunya."

Wata huɗu ya ƙara a duniya. Wasu ranakun ya san ni, wasu sai na sake gabatar da kaina, kuma ban taɓa gajiya ba. Na ji labarin kogin ƙauyensu da na ƙanwarsa da ya bari tana rarrafe, rabi na gane, rabi na kai wa Doña Eufemia ranar Asabar muka warware tare.

Doña Eufemia, uwar masu neman gida, ke ce kika ƙi ba ni amsa don in samu uba. Kin yarda in tsane ki, kin ɗauki kasadar da ni kaina ban yarda da ita ba. Sai bayan jana'iza kika gaya mini cewa makonnin nan bakwai kullum gabanki faɗuwa yake in kin ƙwanƙwasa ƙofata, kina tsoron ki tarar kin makara. Mu da muka hau matakalarki mun haura dubu, kuma kowannenmu yana da abin da ya tafi da shi gida. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya sa ki ga 'ya'yanmu suna faɗin sunan ƙauyensu ba tare da sun duba takarda ba.

Maritza Loo ce za ta karɓi allin, Don Nemesio ya ce shi zai riƙa kawo burodin min pao mai nama na gaske. Ku masu tsoho a gida, ko wane harshe yake yi, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya yin tambaya. Ku masu harshen a baki, kada ku tsaya ga fassara, ku koyar.

Ranar Asabar ta ƙarshe zan hau matakalar da lemo kamar yadda na saba shekara uku ke nan. Na san za ta juya su ɗaya bayan ɗaya ta ce sun yi yawa, ta tambaye ni yaushe zan daina. Ba zan daina ba, Doña. Saƙon mahaifina ne, kuma shi ne na farko da na ji da kunnena.