Ɗorawar da ke Cikin Filin Nata'ala

A Kwarin Jumma, can bayan Tofa, babu ko tafin hannu na ƙasa da ba shi da mai shi. Gona na jingine da gona, har bakin katangar gidaje ana shuka. Shi ya sa samarin garin ba su da filin ƙwallo sai an yi kaka an kwashe amfani, sannan Malam Nata'ala ya ba su aron gonarsa har zuwa ruwan farko. Sharaɗinsa ɗaya ne: kafin damina duk wanda ya taka gonar zai kai mata taki.

Nata'ala gajere ne mai babbar murya. Da ƙuruciyarsa gola ne, har ranar da gwiwa ta ce ta gaji. Manomin gero ne da gyaɗa, da rani kuma yakan saro albasa a Watari, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da amsa tambaya. Da an busa usur sai ya tsaya a bakin layin toka, 'yan kallo su yanyame shi.

"Malam Nata'ala, wai mece ce satar fage?"

Sai ya tsuguna ya jera tsakuwa ya bayyana.

"To me ya sa gola kaɗai ke kamawa da hannu?"

"Don shi kaɗai ake zagi in an ci."

Bai taɓa cewa bai sani ba. Kuma, a faɗi gaskiya, yana son a tambaye shi fiye da yadda yake son tuwo.

Tambayar da ta fi yawa kuwa a kan ɗorawa take. Wata ƙatuwar ɗorawa ce tsaye cikin filin, kusa da ragar gabas. Duk baƙon da ya zo sai ya tambayi abin da ya sa ba a sare ta ba. Amsar ita ce ba ta Nata'ala ba ce. Ranar rabon gado shi aka ba gona, yayarsa Aina'u kuma ta ce a bar mata bishiyar. Ita ta goye shi yana jinjiri, a ƙarƙashin ɗorawar nan, Innarsu na roron wake. Da mijinta ya rasu, da kalwar bishiyar ta riƙa yin daddawa har ta aurar da 'ya'yanta. Kullum ake wasa tana zaune a gindinta da farantin gyaɗa, tana sayarwa, tana kuma gadin 'ya'yan itacen daga 'yan jifa.

Don haka Nata'ala ya yi wa ɗorawa dokokinta, kowa a garin ya haddace. Ƙwallo in ta bugi bishiya ta shiga raga, ta ciyu. In ta maƙale a reshe, ba a hawa, sai a jira ta faɗo. Wanda ke zaune a gindin bishiya kuwa, shi ma bishiya ne: ƙwallo ta taɓa shi a ci gaba da wasa, amma ɗan wasan da ya taɓa shi ya fita waje. 'Yan Kwarin Jumma har sun iya ba wa ɗorawa ƙwallo ta dawo musu da ita, baƙi na zagayawa suna tsaki.

Bara ne Zaharaddini, kyaftin ɗin samarin, ya same shi a rumfar mai shayi. Ya ce masu shirya gasar kofin ƙauyuka sun yarda su kawo wasa garin, amma sun ce ba a buga kofi a filin da bishiya ke ciki.

"Baba, da lasifika za a kira sunanka," in ji shi. "Filin Nata'ala! Har 'yan Bacirawa za su zo."

"Ai ka san ta Yaya Aina'u ce."

"Inna Aina'u ai tana Watari wajen jegon 'yarta Halimatu. Kafin ta dawo an gama, sai a ba ta haƙuri."

Nata'ala bai ce a sare ba. Wannan ita ce maganar da yake ta faɗa wa kansa har yau. Cewa ya yi, "Ni gobe zan tafi sarin albasa, ba ni dawowa sai la'asar." Zaharaddini ba yaron goye ba ne, ya gane. Albasar ma a Watari take, amma Nata'ala bai leƙa gidan jego ba, ya bi ta bayan gari kamar wanda ya ɗauko kazar wani.

Da ya dawo ya tarar sama ta yi faɗi. Masu inji sun yanka ɗorawar gunduwa-gunduwa, samari sun tone kututturen sun cike ramin. Lokacin ma ta fara fure, jajayen furanni zube a ƙasa, awaki na ci. Kowa na yi masa barka. Ya amsa, ya shiga gida. Matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka, ƙamshin daddawa ya doki hancinsa, ya ture kwanon ya ce cikinsa ne.

Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya yi sallah da hankali ɗaya. Abin da ya ƙara masa ciwo, bayan 'yan kwanaki Zaharaddinin nan dai ya miƙo masa waya a rumfar mai shayi, yana dariya. Wani wasan Amurkawa ne da ake kira besbol, ana dukan ƙwallo da kulki ana gudu. Mutane suka taru suna tambaya: me ya sa ɗan kallo ya cafe ƙwallo ya ƙi mayarwa? Me ya sa wancan filin ya karkace, wannan kuma bangonsa ya fi tsawo? Zaharaddini ya ce mai bayani ya faɗa, wai su can kowane fili da siffarsa da dokokinsa. Akwai wanda ganye ya lulluɓe bangonsa, in ƙwallo ta maƙale ciki ba a sare ganyen, doka aka yi masa.

"Kamar dai ɗorawarmu," wani ya ce. "Ko ba haka ba, Malam Nata'ala?"

Aka juyo ana jiran amsa. Nata'ala ya kurɓi shayi ya ƙone harshe. A ransa ya ce ashe masu manyan filaye ma sun bar abinsu yadda suka same shi, shi ne mai gonar gero ya ji kunyar bishiyar yayarsa.

Aina'u ta dawo ana saura kwana kaɗan wasa. Ya jira ta zo ta yi masa faɗa, ya ma shirya yadda zai durƙusa. Ba ta zo ba. Sai ta aiko masa da ƙullin daddawa, da saƙon cewa ta bara ce, ita ce ta ƙarshe, su ci da tattali. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sau da yawa ya kama hanyar gidanta, ya kai bakin zaure, ya wuce kamar masallaci za shi.

Ranar wasa garin ya cika. An kafa rumfa don manyan baƙi, lasifika ta kira Filin Nata'ala har ta gaji. Rana kuwa ta buɗe, 'yan kallo na kare fuska da hannu, don babu inuwa ko ta tsuntsu. Ana cikin wasa sai ga Aina'u ta ƙetara layin toka, tabarma a hammata, faranti a kai. Ba ta kalli kowa ba. Ta tafi daidai inda ramin yake a da, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna, ta gyara gyaɗarta.

Alƙalin wasa baƙo ne daga birni. Ya busa usur ya rugo wajen mai fili.

"Malam, wace ce wannan? A fitar da ita mana! Ko akwai abin da dokarku ta ce?"

'Yan Kwarin Jumma duk sun sunkuyar da kai, har Zaharaddini. Muryar Nata'ala ta fito ƙarama, ba kamar tasa ba.

"Akwai. Wanda ke zaune a wurin nan ba a taɓa shi. Ƙwallo ta taɓa shi a ci gaba. Ɗan wasan da ya taɓa shi ya fita."

Alƙali ya ce bai taɓa jin wannan doka ba, kuma ba zai busa a ci gaba ba. Nata'ala bai tsaya jin sauran ba. Ya ja gwiwarsa ya shiga fili, ya tsaya a kan Aina'u, ya cire babbar rigarsa ya ware ta da hannu biyu tsakaninta da rana.

"Yaya," ya ce, "ni na bari aka yi. Na san ranar, shi ya sa na tafi."

Aina'u ta dubi 'yar inuwar da ta sauka a kafaɗarta, ta bar ƙafafunta da farantin a rana. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Sauke hannunka, Nata'ala, za ka gaji," in ji ta. "Inuwar taka ba ta kai ba."

Bai sauke ba. Baƙi suka fara watsewa, ana naɗe rumfa, shi kuwa yana nan tsaye, rigarsa a ware a kanta.