Ƙullin Igiyar Kakana

Ko na manta komai na zamana a Nassarawa, ba na jin zan manta jajibirin Babbar Sallar da aka yi ana dab da samun 'yancin kai. Lokacin ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, an ba ni aikin gwamnati da ɗan gida a tsakiyar gidajen Turawa. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ko tari ba na son yi da ƙarfi a unguwar nan.

Ana haka sai kakana ya zo Kano a duba masa ido, ya sauka a wurina. A ƙuruciyarsa shi ne shugaban dakarun da ke tsaron iyaka a bakin kogin Kwara. Yadda aka ba ni labari, Turawa sun umarce shi ya ƙwace jiragen masunta don aikin tilas, ya ƙi, ya kwashe yaransa da bindigoginsu suka shige tsibirai. Daga nan ya koma tare jiragen kaya. Ba zan ce duk abin da ya yi daidai ne ba. Akwai fataken da suka yi kuka da shi. Abin da na tabbatar shi ne, ba a taɓa janye umarnin kama shi ba. In aka gane shi, zai ƙare rayuwarsa a kurkuku, ni kuma aikina ya tafi.

Na roƙe shi ya riƙa zama a ɗaki. Ya ce, "Kai, abokina, karatun nan tsoro aka koya maka? Ni da ko kada bai sa na ɓuya ba!"

Da hantsi aka kawo ragon layya, ya yi ta tsinkewa yana shiga furannin maƙwabcina. Kaka ya fito ya laluba igiyar, ya ɗaure shi a jikin mangwaro, ya koma ciki. Maƙwabcin nan wani tsohon Bature ne, babba a ofishinmu, wanda ya jima a ƙasar har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya leƙo ta shinge zai yi ƙorafi, sai na ga ya tsaya yana kallon igiyar, fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Malam, wa ya yi wannan ƙulli?"

Mai gadi yana nan, mai lambu yana nan, zan iya nuna kowa. Amma sai na ji bakina ya ce, "Kakana ne, ranka ya daɗe."

"Da irinsa aka taɓa ɗaure ni a cikin jirgina, ina ƙaramin Di'o. Mutum ɗaya na sani yana yin sa."

Sai ga Kaka a bakin ƙofa, da takalmansa, bai tuɓe ba, bai rusuna ba. Ya karkata kunne ya ce, "Wannan muryar na san ta. Kai ne mai jan kunnen nan da ya yi ta zagina da Turanci?"

"Ni ne. Wuni guda na yi a rana kafin masunta su kwance ni."

"Na bar maka ruwan sha, na bar maka filafili. Mu ba ma barin mutum a kan ruwa ba abin tuƙi, ko maƙiyi ne."

Baturen ya ce, "Ka san har yanzu ana neman ka?"

Ban san lokacin da na matsa na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Kaka ba. Na ce, "In za a tafi da shi, daga gidana za a ɗauke shi, kuma tare za mu tafi." Wataƙila muryata ba ta fita sosai ba, amma dai na faɗa.

Kaka ya nufi gindin mangwaron. Ya sunkuya ya kama wani ɗan guntun bakin igiyar, ya ja sau ɗaya, ƙullin ya warware gaba ɗaya. Ya ce, "Wannan bakin a tafin hannunka na sa shi ranar. Da ka daina fizga ka ja shi, da tuni kana gida."

Baturen ya daɗe yana kallon igiyar a ƙasa. Rago kuwa ya sake faɗa wa furanninsa, amma Baturen bai ko waiwaya ba. Can ya ce, "Sake yi in gani." Kaka ya kama hannuwansa ya koya masa, yana yi masa faɗa kamar yaro. Ba wanda ya zo kama kowa. Kashegari Kaka da kansa ya zaɓi cinyar ragon ya ce a kai wa Baturen.

Har yau ban iya yanke hukunci a kan rayuwar kakana ba, wannan na bar wa Allah. Amma ranar na koyi cewa mutum yana iya jin tsoro har cikin ƙashinsa, kuma ya tsaya kusa da nasa. Duk ragon da na ɗaure tun daga lokacin, da ƙullin nan nake ɗaure shi, kuma in aka tambaya, ina faɗin wanda ya koya mini.