Tsakanin Hajara da Garwashi

Ƙamshin shayi a kan gawayi ya tuno mini da gwaggonmu yau. A gidanmu na Habbena, in ƙanwata Hajara mai farfaɗiya ta zauna girki, sai gwaggo ta jawo kujera ta zauna tsakaninta da murhu.

Wata rana Hajara ta ce, "Gwaggo, na warke, na bar shan ƙwayar."

"Ƙwayar ce ke riƙe da ke, 'yar nan."

Da ciwon ya taso, jikin gwaggo ta faɗa, ba garwashi ba.

Yanzu Hajara tana aure a Moursal, ita kaɗai take girki. Ko ta sha ƙwayar yau, ban sani ba. Allah ya jiƙan gwaggo, ya shiga tsakanin Hajara da wuta.